Kukan Mubina a Wayar Mutane

A gidan suna Hure ta fara jin abin. Ƙanwarta Aina'u ce ta haihu a cikin garin Tsanyawa, ita kuma ta taho tun da hantsi daga ƙauyensu, Tudun Gawo, da ƙullin ƙuli-ƙuli da kwalbar man gyaɗa, don sana'arta ke nan. An ci an sha, mata sun baje a kan tabarmi ƙarƙashin rumfa, sai ga wasu 'yan mata sun haɗa kai a kan waya guda suna ta dariya, har ɗaya tana dukan cinyar 'yar'uwarta. Hure ba ta kula su ba. Ita wayarta ƙarama ce mai tocila, daga kira sai amsawa. Tana cikin ninke kayan jariri muryar ta faɗo mata a kunne.

"Ba-ba-ba zan ya-ya-yafe ba! Baba, ba-ba zan yafe ba!"

An sa wa muryar kiɗa, ana ta maimaita ta kamar amshin waƙa. Amma ko a tsakiyar kasuwa Hure ba za ta kasa gane ta ba. Mubina ce, 'yarta ta uku, mai shekara takwas, wadda take da i'ina tun da ta fara magana.

Ta miƙe da rigar jaririn a hannu. "Ku ba ni in gani."

"Hajiya, ba ki taɓa gani ba?" in ji mai wayar, tana miƙa mata tana dariya. "Yarinyar nan ce mai akuya. Ai ta zaga gari."

Ga Mubina nan tsaye a ƙofar soronsu da kayan makaranta, hijabinta ya karkace, igiya a hannunta. Hawaye da majina sun haɗe mata a fuska, bakinta yana rawa, kalmar ta maƙale tana ta kokawa da ita. Daga bayan wayar kuma ana jin namiji yana dariya yana cewa, "Me kika ce? Sake faɗa in ji." Muryar Abdulsalam ce, mijin Hure, uban yarinyar.

Hure ta san ranar. Inna Jumma, mahaifiyar Abdulsalam, ita ta ba Mubina wata jar 'yar akuya da uwarta ta mutu. Mubina ta raine ta da kunu a murfin kwano, kullum ta dawo makaranta sai ta yanko mata ciyawa, har ta girma. Shi kuwa Abdulsalam fataucin awaki yake yi, ya saya a kasuwannin ƙauye ya kai Kano. Ran nan mota ta zo lodi, sai ya kwance akuyar yarinyar ya haɗa da nasa, wai zai sayo mata wata. Mubina ta dawo ta tarar da igiya kaɗai a turke. Hure tana tsakar gida tana suyar ƙuli ta jiyo kukan daga waje, a ranar ma ta nuna wa maigidan bai kyauta ba. Abin da ba ta sani ba, ashe yana riƙe da waya yana ɗauka.

Aina'u ta ga yadda fuskar yayarta ta koma, ta daka wa 'yan matan tsawa. "Ku kashe abin nan! Uwarta ce."

Hure ta bi matan da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai ta kawar da kai. Har da maƙwabtanta da suka shigo mota ɗaya da safe.

"Wato duk kun sani," ta ce. "Yau kwana nawa?"

"Ya kai sati biyu, Yaya," Aina'u ta faɗa a hankali. "Na ɗauka kin sani. Na ga babanta ne ya ɗora."

Sati biyu ke nan kuwa da Mubina ta fara ciwon ciki kullum safiya in za a tafi makaranta. Hure ta ba ta ruwan kanwa, ta ba ta jiƙo, ciwo bai tafi ba. Ta daina zuwa aike. Shekaranjiya ma da ta ƙi kai man gyaɗa gidan maƙwabta, sai da Hure ta ɗaga mata tsintsiya. Yarinyar ta tsuguna ta rufe kanta da hannu. Da Hure ta tuna wannan, sai ta ajiye rigar jaririn, ta yafa hijabinta, ko tukuicin suna ba ta tsaya karɓa ba.

Bayan la'asar ta isa gida. Ta tarar da Abdulsalam zaune a kan benci a tsakar gida, ya ajiye hula a gefe yana shafa waya. Ta kora yaran sashen kakarsu, sannan ta tsaya a kansa.

"Malam, kai ka ɗora 'yarka a waya duniya take yi mata dariya?"

Ya ɗago yana murmushi. "Au, har ya iso gare ki? Kin kuwa san yawan waɗanda suka kalla? Sun fi mutanen Tsanyawa da Makoda in an haɗa."

"Suka kalli me? Kukanta?"

"Haba Hure, wasa ne fa. Yara nawa ake ɗorawa kullum? Yanzu in na shiga kara wurin cinikin dabbobi, kowa sai Baban mai akuya, Baban mai akuya. Jiya wani Alhaji daga Tofa da ban taɓa gani ba ya kira ni, wai shi a wurina zai sayi ragon suna."

"To ka sayar masa da rago, ban ce ka haɗa da 'yata ba. Ka goge shi."

"Ke me kika sani a harkar waya?"

"Ban san waya ba. Na dai san yarinyar da ta yi sati biyu ba ta buɗe baki a gaban mutane ba. Shekara nawa ina lallaɓa ta? In ce Mubina ki ja numfashi, ki faɗa a hankali, ba mai yi miki dariya a gidan nan. Ashe mai dariyar yana cikin gidan."

Murmushin ya ɓace. "'Yata ce, ba zan cuce ta ba. Kwana biyu za a yi a manta." Ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar ta tsaye.

Washegari Hure ta kama hannun Mubina ta kai ta makaranta da kanta. Tun daga bakin fili ta ji abin da yarinyar take gudu. Wasu yara da ke shara suka hango su, suka fara tafi suna rerawa, "Ba-ba-ba, ya-ya-ya." Hure ta juya ta watsa musu ido, suka watse.

Malamar aji uku, Malama Furera, 'yar Makoda ce, kullum a kan mashin ake kawo ta. Ta shigar da Mubina aji, ta fito da kujera biyu ƙarƙashin darbejiya.

"Na aika a kira babanta sau biyu," ta ce. "Bai zo ba."

"Ni kuma fa? Ba ni da ƙafa ne, ko ba ni na haife ta ba?"

Malamar ta sunkuyar da kai. "Na yi kuskure, Maman Mubina. Ki yi haƙuri. Amma tunda kin zo, gara ki ga komai."

Ta fito da wayarta. Ashe bidiyon ba ɗaya ba ne. A na biyun Mubina tana zaune tana tsince wake a faranti, sai muryar ubanta ta ce, "Mubina, gobe kazarki ma zan kai kasuwa." Yarinyar ta ɗago ido cike da tsoro, ta buɗe baki, kalma ta ƙi fita. Shi kuma yana ta zuga ta, "To me za ki ce? Faɗi mana abin nan." Ba wata kaza da zai sayar. Ya faɗa ne kawai don ta sake yin kuka.

Hure ta riƙe gefen kujera. "Innalillahi. Da gangan?"

"Akwai wanda ya fi wannan." Malamar ta ja hoton sama, rubutu ya bayyana jere ba iyaka. "Wannan abin da mutane suke rubutawa ne a ƙasa. Wasu sun ce Allah sarki. Wasu suna zagin babanta. Da yawa dariya ce kawai, suna kwaikwayon bakinta. Akwai kuma manyan maza da suka rubuta abin da ba zan iya karanta miki ba, a kan yarinya 'yar shekara takwas. Ga wani nan yana tambaya a wane gari take."

"Ba wanda ya faɗa masa dai?"

"Babanta ya ba shi amsa. Ya rubuta Tudun Gawo, kusa da Tsanyawa. Ga kuma kayan makarantarmu a jikinta, kowa yana gani."

Hure ta ƙura wa wayar ido. Ita da ko rijiyar bayan gari ba ta barin Mubina ta je ita kaɗai, ita da take tambayar 'yar gidan wa ce kafin ta bar yarinya ta shigo su yi wasa, ashe an buɗe wa duk ɗan iskan duniya ƙofa yana leƙen 'yarta, har an yi masa kwatance.

"In ya goge, shi ke nan?" ta tambaya.

"Zai rage, amma ba zai ƙare ba. Abin nan zarar bunu ne. Mutane sun kwafa sun ɗora a nasu shafukan. Kuma kada in ɓoye miki, ko a nan akwai malamin da ya kira ta mai akuya a gaban aji. Na kai ƙararsa wurin hedimasta."

"Malami? Wanda muka ba amana?" Hure ta miƙe. "Nuna mini shi."

Da ƙyar Malama Furera ta zaunar da ita.

Daga ranar Hure ta ɗaura wa kanta kai Mubina makaranta da ɗauko ta. Ta sake yi wa Abdulsalam magana sau biyu, ta faɗa masa abin da aka rubuta. Ya ce 'yan hassada ne, ba a rasa su a ko'ina, kuma ya daina ɗora sabo, me take so kuma? Tsofaffin dai ya ƙi taɓa su.

Ranar kasuwar Tsanyawa Hure ta makara wajen ɗauko Mubina. Man gyaɗa yana kan wuta, ba ta iya barinsa ba sai da ta sauke. Ta fito da sauri ta bi hanyar da ta ratsa gonaki, gero ya yi tsawo ya rufe gefe da gefe. Tana karya kwanar gonar liman ta hango wata farar mota a tsaye, yaran makaranta sun yi da'ira.

Samari biyu ne da ganinsu ka san daga birni suke. Ɗaya yana riƙe da waya a kan dogon ƙarfe, ɗayan yana jan wata ƙaramar akuya da igiya. Mubina tana manne da darni, jakarta a ƙirji.

"Kin ga, taki ce," mai wayar yake cewa. "Daga Kano muka kawo miki. Amma sai kin faɗi abin nan tukuna. Yi kamar yadda kika yi wa Baba. Ɗan yi kuka mana, kaɗan kawai."

Yaran suna ta rera musu. Mubina ba ta kallon akuyar, ba ta kallon kowa. Leɓenta ne kawai yake motsi. Da Hure ta matso sai ta ga wandon yarinyar ya jiƙe har ƙafa.

Ba ta san lokacin da ta isa gare su ba. Ta cire mayafin da ke ƙarƙashin hijabinta ta naɗe Mubina da shi daga ƙugu, ta tura ta bayanta, sannan ta fizge ƙarfen da wayar gaba ɗaya daga hannun saurayin.

"Kai ɗan gidan uban wa ne da za ka tare mini 'ya a hanya?"

"Hajiya, yi a hankali, wayar nan tana da tsada! Sunana Zubair, mu masu shirya bidiyo ne. Taimako muka zo yi."

"Taimako? Ka sa yarinya kuka ka ɗauka, shi ne taimako? Ba ka da ƙanne a gida? Je ka sa su kuka ka ɗora!"

"Ai da izini muka zo. Babanta ne ya ce mu zo."

"Ƙarya kake!"

Ɗayan ya ciro tasa wayar ya danna. Sai ga muryar Abdulsalam a fili, cikin fara'a: ba komai, su zo, shi yana kasuwa amma ƙarfe ɗaya ake tashi daga makaranta, su tsaya a hanyar gonaki za su gan ta da farin hijabi.

Hure ba ta saki ƙarfen ba. Hayaniyar ta fito da manoma daga cikin gero, wasu da fartanya a kafaɗa. Mashin ɗin Malama Furera ma ya iso, ta sauka. Hure ta miƙa mata wayar.

"Malama, duk abin da suka ɗauka na 'yata, ki goge a gabana. In ba haka ba wallahi da dutse zan goge shi."

Zubair ya dubi manoman, ya dubi Hure, ya sa yatsa ya buɗe wayar. Malamar ta goge, ta shiga inda gogaggu suke taruwa ta sake gogewa. Wani dattijo ya nuna musu hanya da ƙotar fartanya, ya ce kada a sake ganin motar nan a garin. Suka tura akuyarsu bayan mota suka tafi. Yaran da suke waƙa ɗazu suka yi cirko-cirko.

"Ku kuma na san gidajenku ɗaya bayan ɗaya," Hure ta ce musu. "Zan zo in gaishe da iyayenku."

Ta goya Mubina, ƙatuwar yarinya, har gida.

Tana wanke wandon a bayan ɗaki Inna Jumma ta dogaro sandarta ta tsaya a kanta. Tsohuwar ba ta cika shiga tsakanin ɗanta da matarsa ba, kuma ba wanda ya taɓa yi mata bayanin bidiyon. Ta dubi wandon, ta dubi idon Hure.

"Me ya sami yarinyar?"

Hure ta faɗa mata tun daga gidan suna har zuwa farar mota, ba ta rage komai ba. Da ta gama, tsohuwar ta ce, "In ya dawo ki turo mini shi. Ke ma ki zo."

Kafin magariba Abdulsalam ya dawo da ƙurar kasuwa a ƙafa. Labari ya riga ya same shi a hanya, ya shigo yana huci, wai Hure ta kunyata shi a gaban baƙi. Ta ce masa Inna tana kira. Ya shiga ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa, Hure ta zauna a bakin ƙofa.

"Ɗan'auta," Inna Jumma ta ce, don haka take kiransa, "fito da wayar taka. Kunna ka ɗauke ni. Ina da labarin da zai ba mutane dariya."

"Inna, ai ba..."

"Na ce ka kunna."

Ya ciro wayar ya riƙe, bai kunna ba.

"To bari in faɗa ko ba ka ɗauka ba. Ina da wani ɗa da ya yi fitsarin kwance har ya shekara goma sha biyu. Gidanmu a lokacin gidan yawa ne, 'yan'uwan ubanka huɗu da matansu da 'ya'yansu. Kullum kafin kowa ya fito na wanke tabarmar na shanya ta bayan rumbu. Ran da matar baffanka ta tambaye ni me ya sa tabarma ba ta bushewa a ɗakina, na ce randata ce take yoyo. Na fasa randa mai kyau da hannuna don ta yarda. Shekara nawa ke nan? Ka taɓa jin wani ya tsokane ka da shi a garin nan? Ko matarka ta taɓa ji kafin yau?"

Abdulsalam ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

"Ba don ba abin dariya ba ne. Da na faɗa, da an yi dariya har a gaji. Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kai Allah ya ba ka yarinya mai nauyin baki, maimakon ka zame mata katanga, ka ɗauke ta ka kai kasuwa. Yau a kan hanya ta saki fitsari a tsaye saboda mutanen da ka turo mata. Ka san su? Ka san iyayensu? Da uwarta ba ta iso ba, suka ce ta shiga mota, wa za ka kama?"

"Ban yi tunanin haka ba, Inna. Wallahi ban yi ba. Ki yi haƙuri."

"Ni me ka yi mini? Ba ni za ka ba haƙuri ba."

A nan gabansu ya goge bidiyon biyu, sannan ya rufe shafin gaba ɗaya. Ya tashi ya nufi ɗakin Hure inda Mubina take kwance. Tana ganinsa da waya a hannu ta ja zani ta rufe fuskarta. Ya fita ya ajiye wayar a kan taga, ya dawo ya tsuguna a bakin gado, ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa. Ba ta buɗe fuskar ba.

Hure tana tsaye a waje tana jin sa. Ba ta ji tausayinsa ba. Sau uku ta faɗa masa wannan maganar da bakinta, bai ji ba sai da aka taɓa nasa asirin.

Abin bai ƙare a nan ba. Bayan kwana uku Aina'u ta kira ta a waya tana salati. Ashe lokacin da Hure take faɗa da Zubair, abokinsa ya ɗauke ta a ɓoye. Sun ɗora, sun rubuta cewa sun je taimakon yarinya uwarta ta kore su, sun sa mata suna Uwar Masifa.

"An ga fuskar Mubina a ciki?" Hure ta tambaya.

"A'a, tana bayanki. Ke kaɗai ake gani."

"To su yi ta kallo. Ni babba ce, na iya ɗauka."

Malama Furera ta zauna da Abdulsalam suka bi waɗanda suka kwafi bidiyon yarinyar ɗaya bayan ɗaya, yana roƙonsu su cire. Wasu suka cire har da ba da haƙuri. Wasu ba su amsa ba. Wani ya rubuto masa cewa ai shi ya fara ɗorawa, yanzu ne ya san 'yarsa ce? Abdulsalam ya karanta ya wuce kan na gaba.

Hure kuwa ta cika alkawarin da ta yi wa yaran. Gida tara ta shiga da sallama. Wasu iyayen suka kira 'ya'yansu suka yi musu faɗa a gabanta. Wata kuma ta ce mata ai yara ne, kuma in da laifi a gidanta ya fara. Hure ta ce ta sani, ta kuma fara gyarawa daga gidan nata, saura na maƙwabta.

Da hedimasta ya kira taron iyaye, Hure ta je ta zauna a ɓangaren mata. Aka yi ta zagaye-zagaye a kan kuɗin alli da rufin aji, ba wanda ya taɓo maganar. Sai ta ɗaga murya daga inda take.

"Malam, a yi maganar waya. Ɗanka ko 'yarka, in ka ɗauke su ka ɗora, ka tambaye su? Ka san wa yake kallo? Kuma wanda ba mu sani ba ya zo ya tare yaro a hanyar makaranta da waya, wa zai hana?"

Wani daga cikin maza ya yi tsaki. "Yanzu mata ne za su koya mana riƙon 'ya'yanmu?"

Kafin ta ba shi amsa Abdulsalam ya miƙe. Bai kalli kowa ba. Ya ce duk wanda yake wurin ya san abin da ya yi, kuma da ya saurari matarsa tun ranar farko da ba a kai ga haka ba. Ya zauna. Aka yanke cewa ba malamin da zai sake ɗaukar ɗalibi a waya, kuma duk baƙon da aka gani yana tare yara a kai shi wurin mai unguwa. Mai tsakin ya tashi ya fita tun ba a shafa fatiha ba.

Mubina ba ta koma makaranta ba sai bayan an yanke gero. Yanzu ubanta ne yake kai ta a mashin kullum safe. In ya yi mata magana takan gyaɗa kai ko ta girgiza. Da uwarta da kakarta tana magana, amma i'inar ta ƙaru fiye da da, wani lokaci sai ta bar zancen a rabi ta tashi. Duk ran da hakan ta faru, Hure takan wuni ba ta yi wa maigidan fara'a ba, shi ma ba ya tambayar dalili.

A lokacin kakar nan Aina'u ta sayi sabuwar waya, ta ba yayarta tsohuwar, babba mai fashin gilashi a kusurwa. Hure ta roƙi Malama Furera ta riƙa tsayawa ranar Alhamis bayan an tashi, ta koya mata karatun boko da yadda ake sarrafa abin. Tana zama a kan bencin 'yan aji ɗaya, gwiwoyinta suna tokare tebur, tana haɗa baƙi da wasali da ƙyar. Wata maƙwabciyarta ta gan ta tana dawowa da littafi a hannu, ta yi dariya.

"Hure, da tsufanki? Ke ma bidiyon za ki fara?"

"Ina da 'ya'ya mata huɗu," Hure ta ce, ba ta tsaya ba. "Ba wanda zai sake rubuta magana a kansu in jira sai wani ya karanta mini."